Takardar Duba Aiki a Asibitocin Karkara: Darasi Ga Kanya da Sauran Ƙasar Zuru

A cikin shekarar 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta wa Gwamnatin Tarayya ta riƙa ware aƙalla kashi 1 daga cikin 100 na kuɗin shigarta kowace shekara, ta zuba a wani asusu na musamman domin kula da lafiyar talakawa a matakin farko. Kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018, lokacin da aka ware masa Naira miliyan dubu 55 da 'yan kai, aka kuma fara sakinsa ga jihohi a 2019. Manufar ita ce a sami aƙalla ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai a kowace mazaɓa ta ƙasar nan. Jihar Kebbi tana da mazaɓu 225 a cikin ƙananan hukumomi 21, kuma Kanya, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu a ƙasar Zuru, ɗaya ce daga cikinsu.

Wannan kuɗi ba ya zuwa haka nan kawai. Kafin a shigar da asibiti cikin shirin sai jami'ai sun je sun duba shi da wata doguwar takarda mai jerin tambayoyi, bayan an shigar da shi kuma ana sa ran za a riƙa komawa lokaci-lokaci a sake dubawa. Kowace tambaya amsarta gajera ce, ko "akwai" ko "babu", ko "ana yi" ko "ba a yi". Akwai ruwa da sabulu a ɗakin haihuwa? Firjin ajiye allurai yana aiki, an kuma rubuta sanyinsa safe da yamma? Akwai ma'aunin hawan jini? Akwai allurar tsayar da jini ga mai haihuwa? Daga waɗannan amsoshi ake haɗa maki, daga makin kuma hukuma take gane asibitin da ya cancanta da wanda ya gaza.

Abubuwa biyu ne suka sa batun wannan takarda ya zama abin nazari yanzu. Na farko, a ƙarshen 2023 Ministan Lafiya na Tarayya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana niyyar ninka asibitocin da ke cin gajiyar asusun, daga wajen 8,800 zuwa 17,600 kafin ƙarshen 2027. Na biyu, a 2025 Gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, watau USAID, wadda ta yi shekaru tana taimakawa wajen horar da ma'aikatan lafiya da sa ido a kan aikinsu a jihohin Kebbi, Sakkwato da Bauchi. Ke nan asibitocin da za a duba suna ƙaruwa, masu taimakawa wajen dubawa kuwa sun ragu, nauyin ya dawo kan ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Abin da tarihin wannan takarda ya nuna shi ne, darajarta tana cikin layin da aka rubuta "babu", da kuma abin da hukuma ta yi bayan ta karanta shi.

ASALIN TAKARDAR

Ba likitoci ne suka fara amfani da irin wannan jeri ba, matuƙan jirgin sama ne. A ranar 30 ga Oktoba, 1935, aka gwada wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing a wani filin jirgin soja da ke Jihar Ohayo ta Amurka. Jirgin yana tashi sai ya karkata ya faɗo, ya kama da wuta, mutum biyu daga cikin waɗanda ke ciki suka rasu. Da aka bincika sai aka tarar jirgin lafiyarsa lau, matuƙin kuma gwani ne da ya daɗe yana aiki. Mantuwa ce kurum: ba a cire wani makulli da ake sa wa fukafukan sarrafa jirgi domin kada iska ta riƙa kaɗa su idan yana ajiye ba. Matuƙan da suka biyo baya suka gane cewa jirgin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, suka rubuta ɗan gajeren jeri na abubuwan da dole a duba kafin tashi da kafin sauka. Daga baya an ƙera irin wannan jirgi fiye da 12,000, kuma har yau babu matuƙin jirgin fasinja da zai tashi bai karanta jerinsa ba.

A fannin lafiya, wani likita mai suna Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins shi ne ya yi fice da ita. Ya lura cewa marasa lafiya da yawa suna kamuwa da cuta ta hanyar bututun da ake zura musu cikin babbar jijiyar jini, sai ya tsara matakai biyar: wanke hannu, goge fatar mara lafiya da maganin kashe ƙwayoyin cuta, rufe shi da tsabtataccen ƙyalle tare da sa safar hannu da takunkumi, guje wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da zarar an gama bukatarsa. Babu ɗaya daga cikinsu da likitoci ba su sani ba. Da aka yi amfani da jerin a ɗakunan kulawa ta musamman 103 a Jihar Mishigan, rahoton da aka buga a 2006 ya nuna wannan cuta ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Sai dai akwai abin da masu ba da wannan labari sukan manta. A Mishigan an ba ma'aikatan jinya ikon su tsayar da likita idan ya tsallake mataki, an tanadi keken kaya da ke ɗauke da duk abin da ake bukata wuri guda, an kuma sa shugabannin asibitoci su riƙa zuwa suna jin abin da ya ƙare domin su sayo. Takardar ta yi aiki ne domin duk inda ta ce "babu" akwai wanda alhakin kawowa ya rataya a wuyansa.

INDA TA CI DA INDA TA KASA

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a duba a ɗakin tiyata, a tsaya sau uku: kafin a sa wa mutum maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. An gwada shi a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, har da na garin Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mutuwa bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 daga cikin 100, sauran matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Ƙasashe da yawa suka rungumi jerin nan da nan.

Lardin Ontariyo na Kanada ya mai da shi tilas ga asibitocinsa a 2010. Asibitocin suka riƙa aiko da rahoton cewa kusan kowace tiyata an cika mata takarda. Amma da masu bincike suka duba asibitoci 101, suka kwatanta kafin dokar da bayanta, abin da suka buga a 2014 shi ne ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba, ko a yawan mutuwa ko a yawan matsaloli. Takarda iri ɗaya ce da wadda ta ceci rayuka a gwajin farko. Bambancin shi ne, a nan umarni ne ya sauko daga sama, ma'aikata suka cika domin a ce sun cika.

Darasin da ya fi kusa da halin da karkarar Kebbi take ciki ya fito ne daga Jihar Uttar Pradesh ta Indiya. A can aka gwada jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin karɓar haihuwa, a ƙananan asibitoci 120 da haihuwa kusan 160,000. An raba asibitocin gida biyu, rabi aka ba su takardar tare da masu koyarwa da ke ziyartarsu, rabi aka bar su yadda suke. Bayan wata biyu ungozomomin da aka koyar suna aiwatar da kashi 73 daga cikin 100 na matakan da aka sa ido a kansu, sauran kuwa kashi 42. Duk da haka rahoton da aka buga a Disamba 2017 ya nuna yawan mutuwar iyaye da jarirai bai bambanta ba. Takarda tana iya tuna wa ungozoma ta auna hawan jini, amma ba za ta ba ta ƙwarewar da ba ta da ita ba, ba za ta kuma kawo mota ko jinin ƙari ba idan mace ta galabaita cikin dare.

ABIN DA AKA KOYA DAGA KANO

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda abin yake idan an haɗa jeri da kayan aiki. Zubar jini bayan haihuwa shi ne babban abin da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma sau da yawa ido ne ke yaudarar ma'aikaci, ya ga kamar jinin bai kai na tashin hankali ba sai lokaci ya ƙure. An gudanar da wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE a asibitoci kusan 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ita ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya.

Abin da aka yi mai sauƙin fahimta ne. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai mazurari da ma'auni a jiki, wadda ke tara jinin ta nuna yawansa. Da zarar ya kai rabin lita sai a aiwatar da matakai duka a lokaci guda, maimakon a gwada ɗaya a jira a ga ko zai yi: tausa mahaifa, allurar oksitosin, allurar tiraneksamik mai taimaka wa jini ya daskare, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran babban likita idan abin ya ƙi. An tanadi keke ko akwati na musamman da ake dubawa a kai a kai domin kada wani abu ya ƙare ba a sani ba, ana kuma mayar wa kowane asibiti da alƙaluman aikinsa domin ya ga inda ya kwana.

Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna an gano zubar jini a kan lokaci ga kashi 93 daga cikin 100 na matan da abin ya sama, alhali a asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya kashi 51 kawai aka gano. Mummunar zubar jini, da tiyatar gaggawa, da mutuwa saboda ita, idan an haɗa su, sun ragu da kashi 60 daga cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta rasa mata wajen 75,000 a sanadin ciki da haihuwa a 2023, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka rasu a duniya ta wannan hanya. Ga Kebbi kuwa abin ya fi tsanani, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sa ta a ƙarshen jerin jihohi, inda ko haihuwa ɗaya cikin goma ba a yi ta a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya ba. Mace ɗaya da ta je asibiti ta tarar ba komai, labarinta ya isa ya hana goma zuwa.

TAKARDA DA ABIN DA KE ƘASA

Ma'aikatan gwamnati sun san yadda rahoto yake ƙara kyau duk lokacin da ya hau mataki ɗaya zuwa sama. Sha'anin allurar rigakafi ya ba da misalin da bai kamata a manta da shi ba. Shekara da shekaru alƙaluman da ake tattarawa daga asibitoci suna nuna fiye da kashi 90 daga cikin 100 na jarirai suna samun allurar Penta ta uku, wadda ke kare su daga cututtuka biyar. Amma da aka bi gida-gida a binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017, ana duba katin yaro ana tambayar uwarsa, sai aka tarar kashi 33 ne a ƙasa baki ɗaya, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 3. Wannan ne ya sa Hukumar Raya Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta kafa cibiyar gaggawa ta rigakafi a 2017, ta sa jihohi 18 da suka fi rauni a gaba, har da Kebbi.

Ba lalle ne a ce duk mai cika fom maƙaryaci ba ne. Tsarin ne ya koya masa. Idan shugaban asibiti ya rubuta gaskiya ya sami takardar tuhuma, maƙwabcinsa ya ƙara gishiri ya sami yabo, ba sai an gaya wa kowa abin da zai rubuta wata mai zuwa ba. Dattawa suna iya tuna malaman duba-gari na zamanin En'e, waɗanda suke shiga gida-gida suna leƙa randa da tulu da makwarara. Da yake tara ce ke biyo bayan ziyararsu, da an ji ɗuriyarsu sai a hau shara da wanke-wanke, a ɓoye abin da za a ɓoye, idan sun wuce a koma gidan jiya.

Akwai kuma "akwai" wadda gaskiya ce a ido amma ba ta da amfani. Allurar oksitosin tana bukatar a ajiye ta cikin sanyi, zafi yana kashe ƙarfinta ba tare da kamanninta sun canza ba. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC a 2016 ya gano fiye da kashi 70 daga cikin 100 na samfurin oksitosin da aka karɓo daga sassan ƙasar nan ba su cika ma'auni ba. Takardar da ta tambayi ko akwai allurar kawai, ba ta tambayi inda aka ajiye ta da ranar lalacewarta ba, za ta ba asibiti cikakken maki a kan ruwan da ba zai tsayar da jinin kowa ba. Haka nan firjin rigakafi: ƙa'ida ita ce sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a rubuta sau biyu kowace rana. Mai duba aiki da ya ga an rubuta lamba ɗaya da alƙalami ɗaya tun daga farkon wata har ƙarshensa, ya kamata ya buɗe firjin ya karanta ma'aunin da idonsa.

Masu yaƙi da cutar shan inna sun sami hanyar rage wannan matsala. Bayan kowane zagaye na ɗigon baki, wasu mutane dabam, waɗanda ba sa cikin ayarin masu rigakafin, sukan zaɓi unguwanni ko ƙauyuka shida a ƙaramar hukuma ta hanyar ƙuri'a, su duba yara goma a kowanne, watau yara 60. Ba sa tambayar ma'aikaci, yatsan yaro suke dubawa ko da alamar tawada. Idan waɗanda aka tsallake ba su wuce uku ba an karɓi aikin, idan sun yi yawa sai a koma a sake. Tun daga wajen 2013 kuma aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, domin a gane ƙauyen da aka rubuta an je alhali ba a je ba. Waɗannan dabaru suna cikin abubuwan da suka kai ga shelar da aka yi ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna mai yaɗuwa da kanta.

WURIN DA BA A IYA ZUWA

Ga Kanya da maƙwabtanta akwai wata wahala da ta fi ta rashin gaskiya, ita ce ta isa wurin. Ƙasar Zuru, mai ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba, ta yi iyaka da Zamfara da Neja, ta kuma sha fama da 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 an kai wa ayarin Mataimakin Gwamnan Kebbi na lokacin, Kanar Samaila Yombe Dabai mai ritaya, hari a Kanya, jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandare ta Maga, a cikin ƙaramar hukumar ɗaya, kafin daga baya a sako su. A irin wannan hali jami'in da aka ba babur da ɗan kuɗin mai yana iya ganin ya fi masa sauƙi ya zauna a Ribah, hedkwatar ƙaramar hukumar, ya buga wa shugaban asibiti waya ya cika fom daga abin da ya ji.

Haɗarin yin haka ya bayyana a Jihar Borno. Nijeriya ta yi shekara biyu ba a sami yaro ko ɗaya da ainihin ƙwayar shan inna ba, har an fara murna, sai a watan Agusta na 2016 aka gano yara daga Gwoza da Jere sun kamu. Gwajin ƙwayar ya nuna ta yi wajen shekara biyar tana yawo ba a sani ba, a wuraren da rikici ya hana masu sa ido shiga. Rashin rahoto an ɗauke shi tamkar rashin cuta. Hausawa sun ce a rashin kira karen bebe ya ɓata.

Saboda haka takardar duba aiki tana bukatar amsa ta uku bayan "akwai" da "babu", ita ce "ba a isa wurin ba". Jami'in da ya rubuta haka bai kamata a rage masa komai ba, domin ya ba hukuma labarin da ya fi kowanne muhimmanci. Inda baƙo ba zai iya shiga ba, ana iya koyar da ɗan gari, malamin makaranta ko wakilin Kwamitin Raya Mazaɓa, ya cika gajeren jeri a waya tare da hoto da alamar wuri da lokaci. Irin waɗannan kwamitoci ma tsarin asusun ya riga ya ba su gurbi wajen sa ido a kan kuɗin asibiti.

GA MASU BINCIKE DA ƊALIBAI

Ɗaliban kwalejojin lafiya da na jami'o'i, har da na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da yawansu za su yi amfani da irin wannan takarda wajen bincikensu na kammala karatu. Amfaninta shi ne tana sa mutum goma su duba wuri goma da ido ɗaya, har a iya kwatanta wannan da wancan, ko bana da bara. Amma sai an tsara ta da kyau. Wani masani a Jami'ar Mishigan, Avedis Donabedian, ya raba ingancin aikin lafiya kashi uku tun a 1966: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake gudanar da aikin, da sakamakon da mara lafiya ya samu. Yawancin takardunmu a kashi na farko suke tsayawa, domin ƙidaya gado da kujera ya fi sauƙi. Mai binciken da bai zauna ya ga yadda ake awon ciki ba, bai kuma bi sawun abin da ya sami matan da aka tura babban asibiti ba, ya duba kashi ɗaya ne cikin uku.

Kowane layi ya tambayi abu guda, wanda ido zai iya gani ko hannu zai iya taɓawa. "Asibitin yana da tsabta?" tambaya ce da mutum biyu za su amsa dabam. "Akwai ruwa da sabulu a wurin wanke hannu na ɗakin haihuwa a lokacin ziyara?" amsarta ɗaya ce ga kowa. Kafin a fita aiki sosai a ba mutum biyu su cika takarda ɗaya a wuri ɗaya ba tare da sun yi shawara ba, duk layin da suka saɓa a gyara shi. A tuna kuma cewa wanda ya san ana kallonsa yakan gyara aikinsa, don haka ziyarar da aka sanar tun mako guda ta fi nuna iyawar ma'aikata a kan halinsu na kullum. Idan akwai tambayoyin da za a yi wa jama'a, a fassara su tun daga ofis zuwa Hausa da Dakarci da sauran harsunan yankin, kada a bar kowane mai tambaya ya fassara yadda ya ga dama.

Tsawo ma abin lura ne. Jerin Mishigan matakai biyar ne, na tiyata 19. Takardar da ta kai shafi ashirin, mai cika ta yakan gaji tun kafin ya kai rabi, sauran sai ya bi da alƙalami. Ya kamata a bambanta takardu biyu: gajera wadda ungozoma za ta liƙa a bango ta riƙa bi lokacin aiki, da doguwa wadda mai sa ido zai zo da ita. Haɗa su wuri ɗaya yakan lalata duka biyun.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Hukumar Raya Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kebbi da sassan lafiya na ƙananan hukumomi suna da abubuwan da za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. Wanda ake auna aikinsa kada ya zama shi ne mai ba kansa maki, kuma daga cikin takardun da aka kawo a riƙa zaɓen kaɗan ta hanyar ƙuri'a a tura wani dabam ya tabbatar. A ware laifin ma'aikaci da laifin hukuma: rashin zuwa aiki nasa ne, amma ƙarewar magani a babban sito, ko lalacewar firjin da aka kai rahotonsa tun wata shida, ba shi ya kamata a tuhuma ba. Kowace "babu" a rubuta sunan ofishin da zai kawo abin da ranar da zai kawo, ziyara ta gaba kuma ta fara da karanta alkawuran ta baya. A bar kwafin takardar a asibitin, a karanta wa Kwamitin Raya Mazaɓa da hakimi da dagatai, domin su san abin da aka gani da abin da aka yi alkawari.

Majalisar Dokokin Jiha ma tana da tambayar da za ta riƙa yi lokacin kare kasafi. Maimakon ta tsaya a kan yawan ziyarar da aka kai da yawan fom ɗin da aka cika, sai ta nemi a gaya mata abubuwa nawa aka rubuta "babu" a kansu bara, nawa daga ciki aka kawo, da kuma mazaɓu nawa ne ba a sami isa gare su ba. Amsar waɗannan ita ce za ta nuna ko kuɗin da dokar 2014 ta ware yana kaiwa ga matar da naƙuda ta kama cikin dare a Kanya, ko kuwa ya tsaya a kan tebur a Birnin Kebbi.